Lab ɗin da nake gwajin CRP da ESR a Katsina, abun da ya burge ni da abun da ya ɓata mani rai

Jama'a masu fama da ciwon baya irin nawa, wanda likitoci ke ce ma ankilosin sifondilaitis ko AS a taƙaice, wannan bayanin naku ne ku da masu jinyar ku. Akwai wani lab mai zaman kanshi nan cikin garin Katsina da na koma yin gwajin jini wurinsu, in aka ce in ba su maki cikin goma, bakwai zan ba su, ukun da na riƙe kuma zan faɗi dalili. Suna kam ba zan kama ba, kar a ce talla aka biya ni, kuma tunda akwai ƙorafi a ciki bana son in taɓa abincin kowa. Amma daga abun da zan faɗa za ku san tambayar da za ku yi a duk lab ɗin da kuka shiga, amsar da aka ba ku ita za ta gaya maku ku zauna ko ku juya.

Ga wanda bai san ciwon ba, ba irin ciwon bayan ɗaukar buhu ba ne ko na doguwar tafiya bisa mashin, wancan in ka kwanta ka huta sai ya lafa, wannan kau hutun shi ke tada shi. Yana fara ma mutum tun yana matashi, yawanci kafin shekara 40, a hankali ba rana ɗaya ba, daga mahaɗar ƙashin baya da ƙugu, yau mazaunin dama gobe na hagu, cikin dare wajen ƙarfe uku ya tada ka, da Asuba bayanka ya ƙage ruku'u ma sai da dabara, sai ka yi sama da rabin awa kana motsi kafin jiki ya sake. Kumburi ne a ciki wanda ido baya gani, garkuwar jiki ce ke taɓa gaɓɓan da kanta, in ya daɗe ba kulawa ƙasusuwan bayan na iya haɗewa mutum ya sandare ko ya ranƙwafa. To tunda ba a ganin kumburin dole likita ya nemi alamar shi cikin jini, shi ya sa duk zuwa asibiti sai an rubuto maka CRP da ESR, gwajin jini biyu masu nuna alamar kumburi, wani lokacin da FBC mai ƙirga ƙwayoyin jini.

Babban abun da ya riƙe ni a wurin nan guda ɗaya ne, CRP ɗinsu lamba suke ba ka.

Wanda bai sha yawon lab ba zai ce to da me ake ba mutum in ba lamba ba? Wallahi wurare da yawa a garin nan takarda za a miƙo maka an rubuta fozitif ko negetif shikenan. Wancan gwajin na kati ne, ana ɗiga ruwan jininka a haɗa da wani farin ruwa a jujjuya, in ya yi gudaji-gudaji a ce fozitif, ma'ana dai ka kai 6 mg/L, wato miligiram 6 a kowace lita, ko ka wuce. To ka wuce da nawa? Mai 7 fozitif, mai 40 fozitif, mai 120 ma fozitif. Masu ɗan ƙoƙari su kan tsarma jinin su maimaita, sai su ba ka 12 ko 24 ko 48 ko 96, ninki-ninki yake tafiya babu tsakiya, kuma da ido ake yanke hukunci, idon wanda ke aiki da safe daban na mai aikin yamma daban. Ga wanda ya zo sau ɗaya ana son a san ko akwai wani abu a jikinshi ƙila ya wadatar, amma mu da ake bin ciwonmu shekara da shekaru ana son a ga yana hawa ko yana sauka, wannan takardar ba ta da wani amfani, kuɗinka kawai ka ba da. Yana da araha ƙwarai ban musa ba, amma araha ba ta ado.

Su nan inji gare su, sakamako na fitowa a buge, 31.4 ko 9.2, da mg/L rubuce a gefe da iyakar lafiya da suke amfani da ita wato ƙasa da 5. Waɗannan lambobin biyu nawa ne, na farko kafin a daidaita mani magani, na biyu bayan an daidaita, kuma a gwajin kati duk biyun fozitif za a rubuta mani, likita ya ɗauka maganin bai yi komai ba.

Bari in nuna maku inda lambar ke shiga don ku ga ba son iyawa ba ne. Akwai lissafin da likitocin gaɓɓai ke yi mai suna ASDAS, tun 2009 ake amfani da shi, tambaya huɗu za a yi maka kowace ka ba da maki daga 0 zuwa 10, zafin ciwon baya, daɗewar ƙagewar safe, ciwo ko kumburin sauran gaɓɓai, da yanda kai kanka kake ganin ciwon ya matsa maka, sai a haɗa da CRP. In ya fito ƙasa da 1.3 ciwon ya kwanta, daga nan zuwa 2.1 yana ƙasa-ƙasa, daga 2.1 zuwa 3.5 ya tashi, sama da 3.5 ya tashi sosai. Ɗauki mutum ya ba da 6 a ciwon baya, 5 a ƙagewa, 2 a sauran gaɓɓai, 6 a na ƙarshe. In CRP nashi 7 ne lissafin zai ba da wajen 3.0, in 40 ne zai ba da kusan 4.0, mutum ɗaya koke ɗaya amma aji biyu daban, kuma da wannan ake duba ko a bar ka bisa maganin da kake sha ko a fara maganar alluran nan masu tsada irin su adalimumab. Sannan sai lissafin ya sauka da 1.1 ake cewa magani ya kawo sauƙin da ake iya gani. To ta ina za ka cusa kalmar fozitif cikin lissafi? Akwai wani tsohon ma'aunin BASDAI da aka fitar a garin Bath na Ingila a 1994, shi tambaya shida ce kawai ba jini, 4 zuwa sama ciwo ya tashi, shi likita ke komawa in ba a samu lamba ba, amma shi duk abun da ka faɗa da baki ne, ranar da ka kwana da ɓacin rai maki zai hau.

Wani abun kuma da za ku lura da shi ko ina kuka yi, mg/L da mg/dL ba ɗaya ba ne, ninki goma ne tsakaninsu. 2.4 mg/dL shi ne 24 mg/L. Na taɓa ganin takardar wani bawan Allah da muke haɗuwa a layin likita, daga wani wuri daban, an rubuta mashi 2.4 da biro ba ma'auni ba komai, yana ta murna wai ya sauka alhali baya iya juya wuya. Nan wurin tun da na fara zuwa ma'auni ɗaya ne inji ɗaya ne, in ka jera takardun za ka iya kwatanta su hankali kwance, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya wuri ɗaya ya daina yau nan gobe can.

ESR ɗinsu ma ba laifi. Shi wannan gwajin tsohon yayi ne, hanyar Westergren ta wani likitan Suwidin tun 1921, ana zuba jini cikin siririn bututu mai tsawon milimita 200 a tsayar da shi cak na awa ɗaya a ga iya inda jajayen ƙwayoyin suka sauka, kamar dai yanda gasara ke kwantawa ƙasan bokiti ruwa ya taso sama, in akwai kumburi ƙwayoyin na mannewa juna su yi nauyi su sauka da sauri. Sauƙin shi ne matsalar shi, abu kaɗan ke ɓata shi. Bututun ya ɗan karkace lamba ta hau, teburin na girgiza saboda janareta ko injin juya jini lamba ta canza, ɗakin ya yi zafi lamba ta hau, kuma kun san Katsina a watan Afrilu da Mayu sama da digiri 40 muke sha, alhali gwajin ɗaki mai sanyi-sanyi yake so wajen 18 zuwa 25. Jinin kuma bai son ya wuce awa huɗu a ajiye. Shi ya sa masu ɗibar jini a kemis ko ƙaramin kilinik su tara sai yamma a ɗauka a keke napep a kai wani wuri, ESR ɗin nan sai dai a karɓa da haƙuri. Su nan a gabanka ake ɗiba a wuce da shi ciki, na leƙa na ga inda suke jera bututun bisa kanta ta siminti nesa da taga, ɗakin da esi, suna da sola, kuma akwai agogo mai ƙara da suke saitawa ba wai a duba waya a ce halan awa ta yi ba.

Mai kula da gwajin dattijo ne mai natsuwa, kuma yana tambaya kafin ya soka allura, abun da ban saba gani ba. Ranar da na je ina ɗan jin zazzaɓi ya dube ni ya ce, "Malam, jikin nan naka da ɗumi, ka yi gwajin maleriya kuwa?" Na ce a'a ranka ya daɗe, na ciwon baya ne dai ya kawo ni. Ya ce to in don ciwon baya ne a bari zazzaɓin ya wuce, in an ɗiba yau lambar za ta tashi kuma ba bayan ne ya tada ta ba, likita zai ɗauka ciwon ne ya motsa. Mutum ya ga kuɗi a hannu ya ce ka je ka dawo, a wannan zamanin, ai dole in faɗa. Kuma gaskiya ya faɗa, CRP hanta ke yin shi duk lokacin da jiki ya ji wani abu, baya tambayar daga ina, maleriya, ciwon haƙori, maruru, mura mai ƙarfi, ciwon sanyin fitsari, duk suna ɗaga shi, ƙiba ma na ɗan ɗaga shi. Cikin awa 6 zuwa 8 ya fara hawa, wajen kwana biyu ya kai ƙololuwa, in abun ya wuce kuma duk bayan awa 19 rabi ke raguwa. ESR shi nawa gare shi, a hankali yake hawa kuma sai ya yi makonni bai gama sauka ba, ga shi ƙarancin jini na ɗaga shi, juna biyu na ɗaga shi, tsufa na ɗaga shi, mata sun fi maza, mai sikila kuma nashi ƙasa yake zama ko da kumburi saboda ƙwayoyin nashi ba sa jeruwa. A gari irin namu da ƙarancin jini da sikila suka yi yawa ka ga dalilin da ya sa likitoci suka fi yarda da CRP.

Tsabta ba abun cewa, sabon sirinji a gabanka ake ɓarewa, safar hannu, auduga da sifirit, ana rubuta sunanka jikin kwalba kana kallo. Mata kuma mace ke ɗibar masu a wani ɗaki mai labule. Ba a buƙatar azumi don waɗannan gwajin, ka ci koko da ƙosanka ka zo.

To yanzu ga inda suka rasa maki uku.

Na farko kuma mafi girma, masu zama a teburin karɓar kuɗi suna fassara ma mutane sakamako. Yarinyar kirki ce mai fara'a, amma sai ta buɗe takarda ta ga lamba cikin iyaka ta ce "Baba alhamdulillah ba komai, jininka lafiya lau." A gabana ta faɗa ma wani dattijo da ya rako ɗanshi, yaron ko zama baya iya yi sosai, uban ya juya ya dube shi irin kallon nan na ashe raki ne. Raina ya ɓaci wallahi, na ce mata Malama don Allah ki bar ma likita wannan maganar. Don a ciwon nan kusan rabin masu shi CRP da ESR ɗinsu lafiya lau suke fitowa alhali kumburin na nan yana cin su, sai a hoton MRI ake ganin shi a mahaɗar ƙugu. Lamba ta tashi tana da magana, an san masu CRP sama sun fi haɗarin ƙashi ya haɗe kuma sun fi jin alluran nan in an fara, amma lamba ta zauna ƙasa ba shaidar lafiya ba ce. Irin wannan "ba komai" ɗin ita ke maida mutane gida a ce sanyi ne ko sammu ko iska, a yi ta saƙe-saƙi da ƙaho da jiƙe-jiƙe, ko a koma shan diklofenak na kemis ba ƙa'ida har ya taɓa ƙoda ko ya kawo olsa, shekaru na tafiya.

Na biyu, son cusa maka gwajin da ba a rubuto ba. Da sun ji ka ce gaɓɓai sai a jawo wata takarda wai fakej, RF da yurik asid da ASO na ƙwayar ciwon maƙogwaro har da widal na taifot, a ce in ka haɗa akwai ragi. RF na wani amosanin ne daban mai kama yatsu, a namu negetif yake fitowa, yurik asid na gawut ne, shi ma wani ciwon gaɓɓan ne daban, a yi su sau ɗaya farkon bincike in likita ya nema ba laifi, amma mai bin ciwon da an riga an gano me zai yi da su duk wata uku? Haka HLA-B27, su ba sa yi nan, aikawa suke, kuɗi masu yawa da jira mai tsawo, kuma yanda suke tallata shi kamar shi ne alƙali. Gwajin gado ne, baya canzawa, sau ɗaya ake yi a rayuwa kuma baya auna tashin ciwo ko kwanciyar shi. A Turawa wajen kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suna da shi, amma a baƙar fatar Afirka ta Yamma ƙwayar gadon ba ta da yawa, mutum zai iya fitowa negetif kuma yana da ciwon. A Gambiya ma an taɓa dubawa aka samu wajen kashi 6 cikin 100 na Fulanin can suna ɗauke da ita amma ciwon bai cika kama su ba. Saboda haka kar wanda ya saida akuyarshi don shi sai likitan gaɓɓai ya ce a yi.

Akwai wani saurayi cikin ma'aikatan, da alama mai son karatu ne, in ka yi FBC sai ya ɗauki biro ya rubuta maka NLR a ƙasa, wato ya raba adadin niyutrofil da na limfosayit, nau'i biyu na fararen ƙwayoyin jini, wani lokacin har da na filatlet, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Kyauta yake yi kuma niyyar shi mai kyau ce, gaskiya ne masu bincike na ta duba waɗannan lissafin a ciwon namu don suna da araha, duk inda ake FBC za a iya fitar da su, kuma a jimlace sun fi hawa ga masu ciwon da ya tashi. Ni dai ban ɗora masu nauyi ba. Babu wata iyaka da aka yi ittifaƙi a kanta, ba sa cikin ASDAS, yawancin binciken a wasu ƙasashe aka yi irin su Turkiyya da Sin, mu kuma mutanen Afirka ta Yamma da yawanmu niyutrofil ɗinmu a halitta ƙasa yake da na Turawa kuma lafiyarmu lau, to iyakar da aka yanka da jinin wasu ba lallai ta hau kanmu ba. Ƙara da cewa maleriya na kada filatlet, firednisolon da mutane ke sha barkatai na ɗaga niyutrofil. Da na nuna ma likitana murmushi kawai ya yi ya ce a bar shi a takarda baya cutarwa, ya wuce kan CRP. FBC ɗin kanshi dai yana da amfani, yana nuna ko jini ya ragu, wanda kumburi mai daɗewa ko zubar jini a ciki daga maganin ciwo ke kawowa.

Na uku ƙananan abubuwa ne amma suna taruwa. Kujerun jira benci ne na ƙarfe ba majingina, a wurin da masu ciwon baya ke zuwa, ni tsayuwa nake ina kai da kawowa a baranda. In ka ce a turo maka ta WhatsApp hoto ake ɗauka a karkace wani lokacin gefen da ma'aunin yake ya yanke, sai ka sake kira. Kuɗin CRP na inji ya ninka na kati, kuma yana canzawa da dala tunda sinadarin daga waje yake zuwa, POS ɗinsu kuma sai ya ga dama, ku riƙo tsabar kuɗi.

Abu ɗaya da ba laifin lab ba ne amma ya kamata a sani, lamba mai tsananin hawa tare da zazzaɓin dare, rama da gumi, ba a cewa AS ne kawai a zauna. Tibin ƙashin baya na nan a ƙasar nan, haka cutar burusela da ake ɗauka daga nono ko madarar da ba a dafa ba, ita ma mahaɗar ƙugun take kamawa, mu kuma ga mu da fura da nono. Kuma duk wanda idonshi ɗaya ya yi ja yana zafi baya son haske, wannan asibitin ido ne a ranar ba jiran gwajin jini ba, ciwon na taɓa ido ga wajen mutum ɗaya cikin huɗu.

Likitocin wannan fannin 'yan kaɗan ne a Najeriya, da yawanmu sai mun dangana da Kano ko Zariya, to ka ga bai kamata ka biya kuɗin mota ka isa can da takardar da ba za ta yi aiki ba a ce ka sake. Ni yanda nake yi, kwana biyu ko uku kafin ranar ganin likita nake zuwa da safe, ESR awa ɗaya ne dole, CRP kafin Azahar ya fito, ina tafiya da tsofaffin takardun duka a fayil ɗaya jere da kwanan wata, a bayan kowace na rubuta maganin da nake sha lokacin da ko na yi zazzaɓi a satin. Masu tasowa daga Daura, Mashi, Jibiya ko Dutsin-Ma ku kira tukuna ku tambaya ko sinadarin CRP na inji na nan, don yana yanke masu wani lokacin kuma ba sa faɗa sai ka zo, sai su ce a yi maka na kati a madadin. In haka ta faru ku ce a'a, a yi ESR da FBC, CRP ɗin ku dawo in ya iso. Ranar Juma'a kuma daga sha biyu da rabi ba kowa sai bayan an sauko masallaci.